Tambayoyi da Amsoshi kan Binciken Manyan Motoci da Direbobinsu a Bakin Hanya

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da direbobin tirela da tanka da gingimari, da yaran mota, da masu motocin kansu suke yawan maimaitawa game da binciken da ake yi musu a manyan hanyoyin Nijeriya. Kowace amsa tana iya tsayawa da kanta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna lambarta.

1. Su wane ne ke da hurumin tsayar da babbar mota su bincike ta?

A manyan hanyoyin tarayya, aikin duba lafiyar mota da cancantar direba yana hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda direbobi ke kira 'yan rod sefti. An kafa ta a shekarar 1988, kuma a yau tana aiki ne da dokar da ta sake kafa ta a 2007 da kuma ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012. Jami'an duba motoci na jihohi, waɗanda aka fi sani da VIO, su ne ke gwada mota su ba ta takardar shaidar lafiya, sannan wasu jihohi suna da hukumominsu na kula da hanya, kamar KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna da LASTMA a Legas. 'Yan sanda da kwastan da jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA su ma suna tsayar da mota, sai dai kowannensu da abin da ya fito nema, kuma ba aikin kwastan ba ne auna tayar mota.

A watan Oktoba na 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da ikon tsayar da mota a hanya, ko kama ta, ko cin tarar direba. Wasu direbobi sun ɗauki wannan hukunci tamkar an soke bincike baki ɗaya, alhali bai taɓa ikon FRSC ba, bai kuma ɗauke wa kowa wajibcin mallakar takardar lafiyar mota ba.

2. Idan jami'i ya tsayar da ni, me zai duba?

Bincike na ƙwarai yana da sassa uku: takardu, mota, da direba. Jami'in zai karɓi takardu, sannan ya zagaya motar yana duba tayoyi da fitilu da sigina da madubai da gilashin gaba da waifa, da tef mai ƙyalli da ake liƙawa a gefe da bayan bodi, da tukunyar kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da safaya da jak, da yadda aka ɗaure kaya. Duk wannan lokaci yana kuma lura da direban, da idanunsa da maganarsa da yadda ya sauko daga mota. Abin da ya kamata direba ya yi shi ne ya kunna sigina, ya sauka daga kan kwalta gwargwadon yadda gefen hanya ya ba shi dama, ya ja birkin hannu, ya sa yaron mota ya sa waigi, wato abin tokare taya, idan wurin yana da gangara. Idan wurin da aka tsayar da shi kwana ne ko kan gada ko gangara mai tsanani, yana da kyau ya nuna wa jami'in da hannu cewa zai matsa gaba kaɗan, domin tirela mai lodi da ta tsaya a mugun wuri ta riga ta zama haɗarin da ake ƙoƙarin kaucewa.

3. Waɗanne takardu ne dole su kasance a cikin mota?

Lasisin tuƙi mai rai wanda ya dace da irin motar, da lasisin motar, da takardar shaidar lafiyarta, da inshora, da takardar mallaka, da kuma takardar kayan da aka ɗauka. Maganar ajin lasisi tana kama mutane da yawa: tirela da duk motar da kai ke jan bodi suna buƙatar lasisi mai aji G, don haka wanda ke riƙe da lasisin ƙaramar mota ya hau kan tirela, a idon doka daidai yake da wanda ba shi da lasisi. Wannan ya shafi yaran mota da maigida ke miƙa wa sitiyari da dare domin ya ɗan runtsa.

Tun daga watan Janairu na 2023 kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa manyan motocin dakon kaya ya koma naira 100,000 a shekara. Wannan ƙari ya buɗe kasuwar takardun jabu a bakin tashoshi, kuma mai mota ba ya gane an cuce shi sai ranar da tsautsayi ya auku aka nemi kamfanin aka rasa. Ana iya tantance inshora da lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa da ake kira NIID, kuma jami'ai ma can suke dubawa.

4. Me ya sa ake matsa wa birki fiye da komai?

Saboda birkin babbar mota da iska yake aiki, kuma iska ba ta da launi balle a ga inda take zuba. Kwamfiresa ce ke tara iska a tankuna, idan direba ya taka sai iskar ta bi tiyo ta tura takalman birki su kama ganga. Duk wata kafa a tiyo, ko ruwa da ya taru a tanki, ko takalmin da ya cinye ba a daidaita shi ba, yana rage ƙarfin kamun, kuma direba ba ya jin bambancin a miƙaƙƙiyar hanya sai ya zo gangara da tan talatin a bayansa. Gwajin da kowa zai iya yi ba shi da wuya: a bar injin ya cika iska, a kashe shi, a taka birki a riƙe na minti ɗaya ana kallon agogon iska, yaron mota kuma ya bi gefen motar yana kasa kunne. Idan allura tana sauka a fili ko an ji huci, motar ba ta isa hawa hanya ba. Haka nan ya kamata a riƙa tsiyaye ruwan tankunan iska kullum, musamman da damina.

Na taɓa tsayawa a wani gareji a bakin hanyar Zariya na ga an lanƙwasa tiyon iska na tayoyin baya na wata tirela an ɗaure shi da wayar ƙarfe, saboda tukunyar birkin wannan gefen tana zubar da iska kuma mai motar ya ce a lallaɓa a kai kaya tukuna. Agogon iska ya daina sauka, direban ya gamsu, amma gaskiyar magana ita ce an cire wa motar wani kaso na birkinta, sauran tayoyin kuma za su ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu. Jami'in da ya san aikinsa yana durƙusawa ya leƙa ƙarƙashi ne domin irin wannan, kuma a ganina shi ne jami'in da direba ya kamata ya fi gode wa, ko da ya ɓata masa rana guda.

Akwai kuma abin da bincike ba ya iya kamawa, wato yadda direba ke amfani da birkin. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a jihar Filato, wanda ya dogara da ƙafarsa kaɗai zai dafa ganga har ta buɗe, takalmi ya daina kamawa, sai a ji ana cewa birki ya tsinke alhali zafi ne ya kashe shi. Ana shiga ƙaramar giya ne tun kafin a fara gangarowa, a bar injin ya riƙe motar. Mafi muni shi ne al'adar cire giya a gangara domin tsimin man dizal, wadda ke raba motar da riƙon injin, ta kuma rage saurin tara iska a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

5. Tayata tana da sauran zane, me ya sa aka ce ta mutu?

Domin roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. FRSC tana ɗaukar taya a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare bayan shekara 4 daga ranar da aka ƙera ta, kuma ranar tana rubuce a jikinta: a ƙarshen jerin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2322, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2022. Tayoyin gwanjo da ake shigowa da su sau da yawa sun riga sun cinye wannan wa'adi a ƙasashensu, wasu kuma an ƙera su ne domin ƙasashen sanyi, ba domin kwaltar Maiduguri a watan Afrilu ba.

Baya ga shekaru, jami'i yana duba zurfin zane, da tsagewa ko kumburi a gefe, da taya biyu na haɗe da ke gugar juna saboda ƙarancin iska, da notin da ya kwance ko ya ɓace. Tayar gaba ita ce ba a yi mata sassauci, domin idan ta fashe sitiyari ne ke kuɓucewa. Tayar da aka yi wa sabon zane da wuƙa ko aka yi mata babban faci ba ta da wuri a gaba. Yawan lodi kuma yana kashe ko sabuwar taya, kamar yadda aka yi bayani a amsa ta 7.

6. Mece ce na'urar ƙayyade gudu, kuma dole ce?

Na'ura ce da ke hana mota wuce wani gudu ko da direba ya take totur har ƙasa. FRSC ta fara tilasta sa ta a motocin haya a ranar 1 ga Fabrairu, 2017. Iyakar gudun tirela da tanka ita ce kilomita 60 a awa a tagwayen hanyoyi, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Direbobi da yawa suna ƙorafin cewa 60 ya yi kaɗan, musamman a wuraren da ake fargabar 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, kuma wannan fargaba ba ƙarya ba ce. Sai dai lissafin birki ba ya sauyawa saboda ita: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana ninkawa sau huɗu. Jami'ai suna tantance na'urar da lambar mota a rumbun bayanansu, kuma wanda ya sa ta sannan ya cire wayarta bai tsira daga laifi ba.

7. Yaya ake gane lodin da ya wuce ƙima, kuma me ya hana a ɗauki fasinja a kan kaya?

Tabbataccen awo sai a sikelin manyan motoci, amma ido ma yana gani: sifirin da ya kwanta, tayar da ta baje, bodin da aka ƙara masa tsawo da katako ko aka yi masa ƙarin ƙarfe, da motar da ke hawa tudu tana rarrafe. Nauyin da ya wuce ƙima yana ƙara nisan tsayawa, yana dafa birki da taya, yana kuma tona kwalta. Lodin da ya yi tsawo sama yana ɗaga tsakiyar nauyin mota, shi ya sa take kifewa a kwana da gudun da bai kai ya kawo ba. Ɗauri ma ɓangare ne na lodi. Yashi da tsakuwa dole a rufe su da tamfol, kwantena kuma dole a kulle ta da makullanta na kusurwa huɗu. A watan Janairu na 2023 kwantena ta faɗo kan wata ƙaramar bas a gadar Ojuelegba a Legas ta kashe mutum 9.

Ɗaukar mutane a kan buhuna ko a saman shanu ita ce matsalar da ta fi shafar mu a Arewa, kuma ita ce aka fi jin haushin jami'ai a kanta, domin mai hawa talaka ne da ba shi da kuɗin bas zuwa Kudu. Na fahimci wannan uzuri, amma bodin tirela ba shi da kujera ba shi da rufi, kuma idan ta kife kaya da dabbobi ne ke danne mutane. A watan Satumba na 2024 wata tankar mai ta yi karo da motar da ta ɗauko shanu da mutane a yankin Agaie na jihar Neja, aka rasa mutum sama da 50. Direban da ya karɓi kuɗin fasinja a kan lodi ya sani cewa idan aka tsayar da shi za a sauke su ko a ina ne, kuma shi za a kai kotu.

8. Me ya bambanta binciken tanka da na sauran motoci?

Binciken tanka yana farawa tun daga daffo. A ƙarƙashin shirin da FRSC ke gudanarwa a wuraren lodin mai, ana duba motar kafin a zuba mata ko lita ɗaya, kuma wadda ta faɗi ba a yi mata lodi. Ana duba murafan sama da bawul ɗin da ke hana mai zuba idan motar ta kife, da yoyo, da wayoyin lantarki da suka tsiraita, da tukwanen kashe gobara. Mai kuma kaya ne mai motsi: idan tanki bai cika ba, yana tunkuɗa motar gaba a lokacin birki, ya jefa ta gefe a kwana.

Abin da ya faru a Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, da na mahaɗar Dikko a jihar Neja a watan Janairu na 2025, ya nuna cewa mafi yawan rayuka ba a faɗuwar ake rasa su ba, sai bayan mai ya malala jama'a sun taru da bokitai. Murfin da ke riƙe mai a cikin tankar da ta kife shi ne ke tsakanin haɗarin mota ɗaya da makokin gari guda. Bayan waɗannan ne hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA ta hana yi wa tankoki masu cin lita 60,000 lodi daga ranar 1 ga Maris, 2025.

9. Shi direban fa, me ake bincika a jikinsa?

Maye da gajiya da gani. Jami'ai suna da na'urar hura numfashi domin gano barasa, amma a hanyoyinmu abin da ya fi yawa shi ne tiramol da sauran ƙwayoyi da haɗe-haɗen da ake sayarwa a tashoshi da sunan maganin gajiya. Ƙwaya tana buɗe ido ne kawai, ƙwaƙwalwa kuwa tana ci gaba da neman barcinta, har ta ɗauke na daƙiƙa uku ko huɗu direba bai sani ba. Motar da ke gudun kilomita 60 tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, don haka a wannan ɗan gyangyaɗi ta yi sama da mita 50 ba mai tuƙi. Shawarar FRSC ita ce hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa 4 ta tuƙi, kuma wannan bai maye gurbin cikakken barci a zangon manyan motoci irin Tafa ko Mararrabar Jos ko Ogere ba. Gwajin ido da na hawan jini da na suga ya kamata direba ya yi su da kansa ko ba a tambaye shi ba, domin da yawa suna tuƙi da ido ɗaya mai rauni shekara da shekaru, sai fitilar dare ta tona.

10. Idan aka same ni da laifi, me zai biyo baya?

Jami'in zai rubuta takardar tuhuma mai ɗauke da laifin da tararsa, yana iya riƙe lasisi ko takardun mota, idan kuma laifin mai nauyi ne a tsare motar. Jadawalin dokar 2007 ya ƙayyade tarar kowane laifi, misali naira 10,000 ga lodin wuce ƙima da naira 50,000 ga tuƙin ganganci. Ana biyan tara ne a banki ko ta intanet zuwa asusun gwamnati, a kai shaidar biya ofishin da aka rubuta a takardar. Ba a biyan tara a hannun jami'i. Wanda bai yarda da tuhumar ba yana da damar ƙin biya ya nemi a kai shi kotu, wani lokaci ma kotun tafi-da-gidanka tana zaune a wurin. Biyan tara kuma ba ya gyara mota, don haka birkin da aka kama yau ana iya sake kama shi gobe a shinge na gaba.

11. Laifin motar da ta lalace na direba ne ko na mai mota?

A bakin hanya direba ake gani, shi ake rubutawa, amma mafi yawan abin da aka lissafa a amsa ta 4 da ta 5 da ta 6 kuɗi ne ke gyara shi, kuma kuɗin ba a aljihun direba yake ba. Tun 2007 FRSC ta fito da tsarin RTSSS, wanda ya wajabta wa duk mai motocin haya 5 ko fiye ya yi rajista, ya naɗa jami'in kula da lafiyar tafiya, ya riƙa ajiye tarihin gyaran motoci da horar da direbobi. Mai mota da ke biyan direba da yawan sawu, ya ƙayyade masa ranar isa da ba ta yiwuwa sai da tuƙin dare biyu a jere, shi ne ya rubuta gajiyar da aka yi magana a kanta a amsa ta 9. Direban da ya ga aibi ya sanar da maigidansa ta saƙon waya wanda zai zama shaida, idan aka matsa masa ya fita a haka ya kai maganar ga ƙungiyarsa, wato reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG, ko ƙungiyoyin sufuri na NURTW ko RTEAN, su kuma su tuntuɓi ƙungiyar masu motoci ta NARTO.

12. Idan jami'i ya nemi na goro fa?

Ba wanda ke bin hanyar Kano zuwa Legas da zai ce bai san wannan ba, kuma akwai masu motocin da ke ware kuɗin shinge a cikin kuɗin hanya kamar yadda suke ware na dizal. Bayarwa da karɓa duka laifi ne, kuma yunƙurin ba jami'in FRSC cin hanci yana cikin jadawalin laifuffukan da ake cin tara a kansu. Illarsa ta wuce kuɗin da aka miƙa, domin shinge goma da aka wuce da na goro sun bar tiyon nan da aka ɗaure da waya a amsa ta 4 yana nan yadda yake har gangara ta gaba. Wanda takardunsa da motarsa suke daidai ya tsaya a kan a rubuta masa takarda idan ana ganin ya yi laifi, ya riƙe sunan da ke ƙirjin jami'in da lambar motar sintiri da wuri da lokaci, ya kai ƙara ofishin hukumar na jiha ba tare da cacar baki a bakin titi ba.

13. Motata ta lalace a tsakiyar hanya, me ake sa ran in yi kafin jami'ai su iso?

A kunna fitilun gargaɗi, a sa waigi, a ajiye alama mai kusurwa uku a baya da gaba da nisan da mai tahowa zai gan ta ya sami damar rage gudu, a ƙara nisan idan bayan kwana ne ko bayan tudu. Ganyen da aka saba zubawa ba ya ƙyalli da dare, duwatsun da ake jerawa kuma sau da yawa ana tafiya a bar su su zama tarko ga masu babur da ƙananan motoci. A nan ne amfanin tef mai ƙyalli yake bayyana, domin bodin tirela mara fitila a hanyar da ba ta da haske ba a ganinsa sai an zo dab da shi. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma kyauta ce. Idan tanka ce ta kife ko take yoyo, a kashe injin, a kira hukumar kashe gobara da 'yan sanda, direba da yaransa su tsaya daga nesa ta ɓangaren da iska ke tasowa suna hana jama'a matsowa, kada a kunna janareto ko injin tsotsar mai kusa da wurin sai masu aikin sun iso.